Bayan Haƙuri, Akwai Magani

Ban san wata kalma da muke yawan miƙa wa mai ciwo kamar haƙuri ba. Wanda aka yi wa rasuwa haƙuri ake ba shi, haka wanda ya yi asara a kasuwa, haka matar da ta yi mako guda ba ta runtsa ba. Kalma ce mai daraja, kuma ta riƙe gidaje da yawa waɗanda da babu ita da tuni sun watse. Sai dai na daɗe ina lura da wani abu. Idan yaro ya faɗo daga bishiya ya karye a hannu, muna ba shi haƙuri, sannan mu ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori. Idan kuwa babban mutum ya ce ransa ya daina jin daɗin komai, ko gabansa na faɗuwa dare da rana ba tare da ya san dalili ba, sai mu ba shi haƙuri mu tashi, kamar an gama magana.

Shi ma wannan ciwon yana da mai ɗorinsa. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin magance shi ita ce jinyar tattaunawa, wato zama da ƙwararren da ya yi karatun halayyar ɗan Adam ko na lafiyar ƙwaƙwalwa, a bisa tsari, mako bayan mako, har mai ciwon ya gane abin da ke ciyar da damuwarsa, ya kuma koyi yadda zai yanke mata hanya. Ni ba likita ba ne. Ɗan'uwan marasa lafiya ne, na sha zama a bencin asibiti ina jiran a fito da nawa, kuma daga can na tsinci mafi yawan abin da zan faɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, wato kimanin mutum miliyan 970. Daga cikinsu kusan miliyan 301 fargaba ce ke damunsu, kimanin miliyan 280 kuma ciwon damuwa. Mafi yawan waɗannan mutane ba su yi kama da hoton da ke zuwa mana a rai idan aka ambaci taɓin hankali ba. Suna buɗe shago da safe, suna koyarwa a makaranta, suna girki, suna amsa gaisuwa da “lafiya lau”. Da wuya a sami gidan da ya tara mutum ashirin a ce babu ko ɗaya daga cikinsu.

Damuwar da ke fitowa ta jiki

Gwaggona mace ce mai kazar-kazar, wadda ta yi shekaru tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Wata shekara sai ta fara kukan ciwon kai, da zafi a tsakar ka, da wani abu da ta ce yana yi mata yawo a jiki. Ta daina suya, ta daina zuwa biki da suna, abinci sai an matsa mata. Kusan shekara guda ana yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, ana yi mata ƙarin ruwa a kemis, ta ɗan ji dama kwana biyu ta koma. Ranar da aka dace, wani likita a babban asibiti ya duba sakamakon gwaje-gwajenta ya ga babu komai, sai ya ajiye takardun ya ce, “Hajiya, yaushe rabonki da ki ji daɗin wani abu a ranki?” Ba ta ba shi amsa ba, kuka kawai ta fashe da shi.

Abin da likitan ya gano shi ne ciwon damuwa. Alamominsa sanannu ne: baƙin ciki ko mutuwar zuciya kusan kullum, da rashin sha'awar abin da mutum ya saba so, na tsawon aƙalla mako biyu, tare da rikicewar barci da cin abinci, kasala, wahalar tattara hankali, da jin cewa mutum ba shi da amfani. A wurinmu sau da yawa ta jiki yake fara magana, domin ya fi sauƙi mace ta ce kanta na ciwo da ta ce rayuwa ta ishe ta. Na farko za a kai ta asibiti, na biyu za a ce ta yi istigfari.

Da aka tura mu sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, sai ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, wurin mahaukata za ka kai ni?” Na ce, “Gwaggo, mu je ki gani da idonki. In bai yi miki ba mu dawo.” Mutanen da muka tarar a layi, da ɗalibai da 'yan kasuwa da matan aure, su suka ba ta amsar da ni ban iya ba ta ba.

An ba ta magani, an kuma haɗa ta da wata ƙwararriya da take gani sau ɗaya a mako, zaman da bai kai awa guda ba. Aikin farko da aka ba ta ya ba ni mamaki saboda ƙanƙantarsa: ta share tsakar gida kowace safiya, ta leƙa maƙwabciyarta sau biyu a mako, ko tana so ko ba ta so. Daga baya aka ƙara da suyar ƙosai kaɗan, na mutanen gida kawai. Dalilin shi ne, mai ciwon damuwa yana jiran ya ji ƙarfi kafin ya motsa, alhali zaman da yake yi shi ke ƙara kashe masa jiki da zuciya. Sai a juya tsarin, a fara motsi da ɗan abin da za a iya, jin daɗin ya biyo baya.

Aiki na biyu ya shafi tunani. Akwai maganar da take maimaita wa kanta, cewa ta zama kaya a wuyan 'ya'yanta. Ƙwararriyar ba ta ce mata “haba Hajiya, daina faɗin haka” ba, wanda shi ne abin da kowa ke ce mata a gida. Tambayarta ta yi: wa ya faɗa miki haka? Me kika gani da ya nuna haka, me kuma kika gani da ya saɓa? Da ƙawarki ce ke kwance, za ki kira ta kaya? Jikarta ce ke rubuta mata amsoshin a littafi, su kai a zama na gaba. Bayan kamar wata uku kaskon suya ya koma ƙofar gida.

Fargaba, firgici da waswasi

Fargaba ita ce ta biyu da na fi cin karo da ita. Kowa yana jin tsoro, kuma tsoro na da amfaninsa. Tana zama ciwo ne idan ta zauna wa mutum wata da watanni, tana tsalle daga wannan abu zuwa wancan, yau kuɗin makaranta, gobe lafiyar yara, jibi abin da bai ma faru ba, har ta hana barci, ta ɗaure wuya da kafaɗa, ta sa saurin fushi.

Akwai nau'in da ke zuwa farat ɗaya. Wani maƙwabcina tela yana zaune a kan kekensa sai zuciyarsa ta kama bugu da ƙarfi, numfashi ya yi masa wuya, gumi ya karyo, yatsunsa suka yi sanyi, ya tabbata ajalinsa ne ya zo. An yi masa gwajin zuciya fiye da sau ɗaya, lafiya lau. Irin wannan firgici yakan kai ƙololuwa cikin 'yan mintoci, sannan ya sauka da kansa. Yadda yake aiki shi ne, jiki ya saki sinadarin da yake saki idan ya hangi haɗari, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri. Saurin numfashin shi ke kawo jiri da jin kamar ana tsira allura a yatsu. Mutum ya fassara wannan da cewa mutuwa ce, tsoro ya ƙaru, jiki ya ƙara sakin sinadarin. Daga nan sai mutum ya fara gudun duk wurin da abin ya taɓa kama shi. Telan nan sai da ya daina shiga kasuwa da motar haya, duniyarsa ta koma tsakanin ɗaki da shago.

A jinyar tattaunawa an fara da bayyana masa wannan zagayen dalla-dalla, domin sanin cewa abin ba ya kisa yana rage masa kaifi. An koya masa sassauta numfashi. Sannan aka tsara masa komawa wuraren da yake gudu mataki-mataki, daga bakin kasuwa na minti biyar har zuwa tsakiyarta, yana tsayawa har tsoron ya sauka da kansa. Abin da ya warkar da shi shi ne ganin da ya yi, sau da yawa, cewa ya tsaya kuma bai mutu ba.

Waswasi ɗan'uwan fargaba ne. Mutum ya yi alwala ya sake, ya sake, har lokacin salla ya kusa fita. Ko ya duba ƙofa sau goma kafin ya kwanta, ko wani mummunan tunani da yake ƙyama ya riƙa faɗo masa, ya ɗauka shi mugun mutum ne. Maimaitawar tana ba shi sauƙi na ɗan lokaci, kuma wannan sauƙin shi ke ɗaure shi. Maganin da ƙwararru suke bi shi ne a horar da shi ya zauna da shakkar ba tare da ya maimaita ba, a hankali a hankali, har ƙwaƙwalwa ta daina buga ƙararrawa. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da ware hukunci ga wanda shakka ta zame wa jiki kullum, wanda suke kira mustankihi, inda suka umarce shi da ya yi watsi da shakkar ya wuce. Likita da malami a nan hanya ɗaya suka nuna, sai dai shi ƙwararre yana raka mai ciwon mako-mako har ya iya bin ta.

Mai jego

Muna da al'adar kula da mai jego da ta cancanci yabo: wanka, kunu, gasasshen nama, dattijuwar da za ta zauna da ita har arba'in. Duk wannan jikinta yake dubawa. Mata da yawa suna samun saurin kuka da sauyin yanayi kwana biyu ko uku bayan haihuwa, kuma wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Idan ya zarce haka, ta kasa barci ko da jariri ya yi barci, tana jin ba ta iya uwa ba, ko ba ta jin komai game da ɗan da ta haifa, to ana maganar ciwon damuwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu da sababbin masu haihuwa suna fama da shi.

Mace a wannan hali takan yi shiru ne don kunya, domin kowa na yi mata barka, ita kuma tana jin kamar ta yi butulci. A ƙasar Pakistan, a karkarar Rawalpindi, an horar da ma'aikatan lafiya mata na ƙauye su riƙa ziyartar irin waɗannan iyaye suna tattaunawa da su a bisa tsari, kuma binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa waɗanda aka ziyarta sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa ga sauran ƙasashe. Miji da uwar miji su ne suka fi kusa da ganin alamun. Ranar da aka kai jariri riga-kafi dama ce ta a ce wa ma'aikaciyar jinya, “A duba mana uwar ma.”

Abin da ido ya gani, da wanda aka rasa

Tun daga 2009 da rikicin arewa maso gabas ya ɓarke, zuwa hare-haren 'yan bindiga da garkuwa da mutane a Zamfara, Katsina, Sakkwato da Kaduna, an tara dubban mutane da suka tsira da ransu amma abin bai sake su ba. Haka wanda ya tsira daga haɗarin mota, ko wadda aka ci wa zarafi. Mutum ya riƙa ganin abin yana dawo masa kamar yanzu yake faruwa, ya yi mugun mafarki, ƙarar babur ta sa ya zabura, ya guji duk abin da zai tuna masa. A makonnin farko wannan ba abin mamaki ba ne, kuma mutane da yawa suna farfaɗowa da taimakon dangi. Idan ya wuce wata guda yana hana rayuwa tafiya, lokacin neman ƙwararre ya yi.

Mukan ce wa irin wannan mutum ya manta, abin da ya wuce ya wuce. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwarsa ba ta ajiye abin a cikin abubuwan da suka wuce ba. Aikin ƙwararre shi ne ya fara koya masa yadda zai kwantar da jikinsa, sannan ya taimaka masa ya bi labarin daki-daki a wuri mai aminci, har ya zama labari mai farko da ƙarshe. A nan ake warware tunanin da ke cin mutum a ɓoye, irin su “da na tsaya da ban bar ƙanena ba”. Wannan aiki ne na wanda ya koya. Dangi kada su tilasta wa mutum ba da labari a gaban jama'a, domin hakan na iya fama ciwon.

Alhinin rashi kuwa ba cuta ba ne. Zaman makoki, gaisuwar ta'aziyya, da watanni huɗu da kwana goma na takaba duk suna ba zuciya lokacin da take buƙata. Sai dai akwai wanda watanni ke wucewa, har shekara, yana nan inda yake ranar da aka yi rasuwar, ba ya iya aiki, ba ya iya kula da 'ya'yan da aka bari. Sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, ya amince da wannan a matsayin matsala mai zaman kanta idan ta wuce aƙalla wata shida, ta kuma zarce abin da al'adar mutumin ta saba gani. Jinyar ba ta neman ya manta da mamacin. Tana taimaka masa ne ya ci gaba da tuna shi alhali yana iya ɗaukar nauyin masu rai.

Barci da ƙwaya

Yawancin matsalolin nan suna haɗuwa a kan matashin kai. Rashin barci mai daɗewa yana da tasa jinyar, wadda likitoci suke fifitawa a kan ƙwayar barci: tashi a lokaci ɗaya kullum, barin shimfiɗa idan barci ya ƙi zuwa, rage shayi da goro da yamma, da gyara tsoron da mutum yake yi wa daren kansa. Wanda bai sami wannan ba yakan nemi mafita a kemis. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A ƙarƙashin kwalbar kodin ko ƙwayar tiramadol, sau da yawa akwai damuwa ko fargabar da ba a taɓa tambaya ba. Duka da mari ba sa kaiwa can. Tattaunawa ta ƙwararru tana nemo abin da ke tura mutum ga sha, da lokutan da ya fi rauni, da abin da zai yi a madadin, tare da kulawar likita idan jiki ya riga ya saba.

Bambancinta da nasiha

Wani zai ce ai muna da dattawa da malamai da aminai, me baƙo zai faɗa da ba su faɗa ba? Nasiharsu tana da muhimmanci, kuma ƙwararre nagari ba ya raba mutum da ita. Bambancin yana cikin tsari. Mai nasiha yana gaya maka abin da ya kamata ka ji a ranka. Ƙwararre yana tambayarka abin da kake ji, ya bi sawunsa tare da kai, ya ba ka aikin da za ka gwada kafin zama na gaba, sannan ku auna ko an ci gaba. Yawancin irin wannan jinya tana da iyaka, daga zama shida zuwa ashirin, kuma burinta shi ne ka koyi yi da kanka.

Akwai kuma sirri. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne ba kowa ake buɗe wa ciki ba. Matar da damuwarta ta shafi mijinta ko kishiyarta ba za ta iya faɗa wa dangin miji ba, saurayin da ke jin kunyar mahaifinsa ba zai iya faɗa masa ba. Ƙwararre ba ya cikin dangi, ba zai haɗu da kai a wurin ɗaurin aure ya tuna maka ba, kuma ƙa'idar aikinsa ta hana shi fitar da maganarka sai idan rai na cikin haɗari.

Ga mai ganin abin baƙo ne daga Turai, yana da kyau ya san cewa likitan Amurka Aaron Beck, wanda ya tsara hanyar gyaran tunani da ɗabi'a a shekarun 1960, ba shi ne farkon wanda ya hango ta ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi kan kula da lafiyar jiki da ta rai, inda ya yi bayanin fushi, tsoro, baƙin ciki da waswasi. Ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauka ba dalili, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar buƙata. Neman magani bai taɓa zama kishiyar tawakkali ba.

Inda tattaunawa kaɗai ba ta isa ba

Kafin a ce ciwo na tunani ne, dole likita ya duba jiki, domin ƙarancin jini, ciwon sukari, cutar maƙoƙo da wasu magunguna suna iya kawo alamu masu kama da damuwa ko fargaba. Idan damuwa ta yi tsanani, akan haɗa tattaunawa da magani, kamar yadda aka yi wa gwaggona. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a daina shi farat ɗaya sai da shawarar likita.

Akwai yanayin da ba a jira. Idan mutum yana jin muryoyin da babu su, ko ya gaskata ana bin sa za a kashe shi, ko ya yi kwanaki ba barci yana zumuɗi da surutu da ɓarnar kuɗi, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne da magani tun farko. Haka mai jegon da ta rikice cikin kwanakin farko, ba ta gane mutane ko tana faɗin abin da ba shi ba, abin da ke samun kamar mace ɗaya ko biyu cikin haihuwa dubu, kuma yana warkewa idan an gaggauta. Idan kuma mutum ya ce gara ya mutu, ko ya fara sallama da rabon kayansa, kada a ɗauka wasa ne ko neman a kula shi. A tambaye shi kai tsaye, domin tambayar ba ta dasa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar.

Ina za a nufa

Ƙwararru sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasarmu, kuma mafi yawansu suna birane. Duk da haka akwai ƙofofi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda yake nesa ya fara da babban asibitin da ke kusa, ya nemi a tura shi gaba. A watan Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutunci da haƙƙin mai wannan lalura.

Ƙarancin likitoci bai rufe hanya ba. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, suna taimaka wa masu damuwa su rarrabe matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya cikin zama shida, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da amfanin hakan. A gida Nijeriya, tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin da marasa lafiya ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowanne tare da ɗan'uwansa, suna zuwa jinya da rana. Ya gane tun a lokacin cewa dangi wani ɓangare ne na magani.

Abin da ya rage namu

Rabon dangi a wannan aiki ba ƙarami ba ne. Mai ciwon damuwa ba shi da ƙarfin nema wa kansa kati da bin layi, sai an raka shi. Idan aka shiga wurin likita, a faɗi alamun jiki, a kuma faɗi na rai: tun yaushe ya daina barci, me ya daina yi wanda ya saba, me yake yawan faɗa. A tambaya ko akwai mai yin jinyar tattaunawa a asibitin, da ranakun da yake zama, domin wani lokaci sai an tambaya ake turawa. Idan an ba shi aikin gida, a taimaka masa ya yi, ba tare da an mayar da shi abin gori ba. Idan ya fito daga zama, kada a tsare shi da “me ka gaya mata?” Abin da ya ga dama zai faɗa da kansa.

A kuma yi tsammanin tafiyar za ta yi hawa da sauka. Wani mako zai fi wani, wani zaman ma mutum zai fito ya fi shiga nauyin zuciya, musamman idan an taɓo abin da ya daɗe a binne. Idan bayan zama da yawa ba a ga alamar ci gaba ba, ko jininsa bai haɗu da na ƙwararren ba, a faɗa wa likita a nemi canji, kamar yadda ake canza maganin hawan jinin da bai karɓi mutum ba.

Ga wanda yake karanta wannan kuma ya ga kansa a ciki, ba sai ka jira abin ya kai ka ƙasa ba. Mako biyu na baƙin cikin da ba ya ɗagawa, ko tsoron da ya fara rage maka wuraren zuwa, sun isa dalilin ganin likita. Ka zaɓi mutum ɗaya da ka amince da shi, ka gaya masa yadda kake ji, ka roƙe shi ya raka ka asibiti cikin wannan makon.